Ranar da Miksa Ta Haɗiye Waƙar Mama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka binne Baba ba, kuma da kunya nake faɗa, ba don hawayen da na zubar ba ne. Hasali ma ban samu zarafin kuka ba a ranar, ina can bayan taro ina kokawa da na'ura. Mutanen ƙauyenmu da ke gefen Zonkwa su ma ba su manta ba. Har yau in na ratsa ta kasuwa akwai matan da ke amsa gaisuwata da ido kawai.

Bari ku fara sanin irin mutumin da kuke saurare. Ni malamin sakandare ne a Kafanchan, Fizis nake koyarwa, kuma ni ne mai kula da kayan sauti a cocinmu. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Shekara ashirin da ɗoriya Dattijo Yohanna ne ke wannan aiki, tsohon mai gyaran rediyo, da wata tsohuwar miksa mai maɓallan murɗawa wadda ba ta farkawa sai an ɗan doke ta a gefe. (Miksa ita ce akwatin da duk makirufo ke shiga, a nan ake daidaita muryoyi kafin a tura wa lasifika.) Da ikilisiya ta sayo sabuwa, irin ta zamani mai allo, wadda kwamfuta ce a cikinta, sai Dattijo ya tsaya a gabanta ya rasa inda zai murɗa. Ni kuwa na yi kwana uku ina kallon bidiyo a waya, na fito na zama gwani. Matasan da ke waƙa a coci suka fara ce mini Injiniya. Da farko ina cewa, “Haba, ku bari mana.” Daga baya in mutum bai faɗa ba sai in ji kamar bai gaishe ni ba. Dattijo kuwa, mutumin da ya girmi yayana, na mayar da shi mai ɗaga sandar makirufo yana saukewa.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya yi jinyar kwana shida ya tafi, aka ajiye shi a mutuware, ɗakin ajiye gawa, a Kafanchan mako biyu don dangi su taru. Kowa ya iso ban da autarmu Saratu, wadda ke aikin jinya a ƙasar waje. Kwananta tara da haihuwa, kuma tiyata aka yi mata, likita ya ce ko ƙofar gida kada ta wuce.

Ranar da muka zauna da Rabaran muna tsara yadda sujadar jana'iza za ta kasance, ya tambaya wa zai yi magana a madadin iyali. Kowa ya dubi Yaya Ishaku, babbanmu. Sai Mama, da muke zaton ba ta ma bin maganar, ta ce da yarenmu, “Ku sa sunana. Zan yi masa waƙarsa.”

Waƙar nan duk mun san da ita, amma ba wanda ya san ta. Mama ce ta ƙirƙire ta tana amarya, lokacin da Baba yake yin makonni a kan layin jirgi bai leƙo gida ba. Mu dai mun tashi muna jin amonta kawai, baki a rufe, in tana shiƙar acca ko tana tsaga citta. Da ka matso sai ta yi shiru ta ce ka je ka duba awaki. In muka tambayi Baba sai ya yi dariya ya ce, “Ku tambayi mai ita.” Shekara hamsin da bakwai suna tare, ba ɗa ko jika da ya taɓa jin kalma ɗaya daga cikinta. Ga shi kuma tun da ta yi ɗan shanyewar jiki shekara biyu da suka wuce muryarta ta sirance, in tana magana sai ka sunkuyo.

Da Saratu ta ji labari ta kira ni tana kuka. Ta ce, “Yaya, ban ga fuskarsa ba, ba zan zuba masa ƙasa ba. Abu ɗaya nake roƙonka. Ka sa in ji Mama, kuma ka ɗaukar mini in ajiye wa yarinyar nan.”

Na bugi ƙirji. Na ce, “Ke dai ki sa abin kunnenki ki kwanta. Ko numfashinta sai kin ji.”

To, a wajenmu ɗan da ya rasa uba ba ya aiki ranar jana'iza. Kuna sanye da ankonku a sahun gaba, 'ya'ya maza a dama da hagun uwa, ko ruwa kawo muku ake yi. Ikilisiya da maƙwabta ne ke hidima. Kowa ya san wannan, har ni. Ana gobe jana'iza Dattijo Yohanna ya ja ni gefe, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, “Malam, gobe kai mai makoki ne. Ka bar ni da tsohon miksa na, shi ma yana magana. Kai ka zauna kusa da Mama.”

Kun san me na ce masa? Na ce, “Dattijo, wannan ba aikin duka a gefe ba ne.”

Ya dube ni ya mayar da hularsa. Ya ce, “To, Allah ya ba da sa'a.”

(Na sha gaya wa kaina don Saratu na ƙi. Da gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Za a taru daga coci-coci, har da manya daga Kafanchan da Kagoro, kuma ina so su ji abin da hannuna ya iya. Na faɗa, ku yi yadda kuka ga dama da ni.)

Da sassafe muka ɗauko kayan coci a bas muka kai ƙauye. Aka kafa rumfuna a filin gaban gida, ni kuma na kafa teburina can baya ƙarƙashin mangwaro, inda zan hango komai. Janareta kuwa na wani maƙwabci ne mai injin niƙa, aka aro. Da aka tashe shi sai na ji yana gurnani a cikin kowane makirufo. Raina ya ɓaci. Yaya za a yi waƙar Mama ta tafi ƙasar waje da gurnanin injin niƙa a bayanta?

Nan ne Shaiɗan ya tuna mini da abin da ke aljihuna. Kamfanin da ya ƙera miksar ya fitar da sabuwar manhaja, na sauke ta a filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, tun makon da ya wuce, ina ta jiran lokaci. A cikinta akwai wani sabon fulogin, wato ɗan ƙarin aiki da ake ɗora wa miksa, wanda aka ce yana share hayaniya tas. Duk mai wannan sana'a ya san ba a sabunta manhaja ranar aiki. Ni da bakina na sha faɗa. Na soka filash. Allon ya fito da gargaɗi, in adana saitina tukuna don komai zai koma yadda ya fito daga kamfani. Na danna “na yarda” irin yadda dukkanmu muke yi, ba tare da na karanta ba.

Minti ashirin ina tsaye ina kallon wani ɗan layi yana rarrafe a allo, ina roƙon Ubangiji kada janareta ya ɗauke. Ubangiji ya ji wannan addu'ar. Miksa ta farka, na duba, wayam. Aikin wata takwas, sunan kowane makirufo, hanyar da kowace murya ke bi, babu ko ɗaya. A daidai lokacin aka ce motar gawa ta baro Kafanchan. Na duƙufa na sake ginawa da gaggawa: na Rabaran, na mawaƙa, na zumuntar mata, na mai kiɗan kibod, layin da zai tafi wayar Saratu. Abin da na tuna na gyara. Abin da ban tuna ba ya zauna yadda kamfani ya bar shi.

Sai na zo kan fulogin. Aikinsa irin na maigadi ne. Za ka nuna masa iyaka, duk sautin da ya kai wannan ƙarfi ya buɗe masa ƙofa, duk wanda bai kai ba ya ɗauka hayaniya ce ya rufe. Na ɗauki makirufo don in saita iyakar, kuma da muryar wa na gwada? Da tawa, muryar malamin da ke koyar da yara saba'in a ajin da ba silin ana ruwan sama. “Ɗaya, biyu! Ɗaya, biyu!” Muryata ta fito tangaran. Na yi shiru, gurnanin janareta ya ɓace ɗif. Kai! Saura kaɗan in taka rawa, ranar jana'izar ubana. Na ɗora shi a kan kowane makirufo, na ƙara ɗan amsa-kuwwa a sama don waƙa ta yi zaƙi.

Dattijo Yohanna yana gefe yana kallo. Ya ce, “Malam, ka gwada shi da ƙaramin murya?”

Na ce, “Dattijo, kwamfuta ce. Ta fi ni da kai kunne.”

Gaskiyar Allah, sujada ta tafi yadda ban taɓa ji ba. Rabaran ya yi wa'azi kamar aradu, kowace kalma ta fito a wanke. Mawaƙa suka yi nasu. Zumuntar mata suka fito da tulunansu da ƙorai na kiɗa, mutum arba'in ko fi, ƙasa har motsi take. Duk waɗannan masu ƙarfin murya ne, maigadina yana ta buɗe musu ƙofa. Saratu ta turo saƙo: “Ina ji kamar ina wurin. Allah ya yi maka albarka.” Wani mutum daga wata coci ya zagayo ya ce bai taɓa jin sauti mai tsabta haka a fili ba, in ba shi lambata. Na ba shi. (Ee, na tsaya na karanto masa ita sau biyu, akwatin Baba yana gabana.) Daga inda nake ina hango ƙeyar Mama da farin ɗankwalinta, Yaya Ishaku a damanta, a hagunta kujera babu kowa, an ɗora takardar tsarin sujada a kai don kada wani ya zauna. Na ce a raina, bari waƙar ta wuce sai in je.

Rabaran ya ce, “Yanzu Mama za ta yi sallama da mijinta.”

Yaya Ishaku ya riƙe hannunta suka taka a hankali zuwa gaban akwati. Dattijo ya sauke sandar makirufo daidai bakinta, ya ja baya taki biyu. Na gyara hedifon a kunnena, na tabbatar na'ura tana ɗauka, na tura maɓallinta sama. Na ga kafaɗunta sun ɗaga, ta ja numfashi. Na ga ɗankwalin ya fara kaɗawa kaɗan-kaɗan.

A kunnena kuwa ba komai. Shiru ne mai tsabta, irin wanda nake alfahari da shi tun safe.

Na ƙara tura maɓallin, ba komai. Na kai shi ƙarshe, ba komai. Ɗan koren hasken da ke nuna murya tana shigowa sai ya ƙyafta ya mutu, ya ƙyafta ya mutu. Sai Mama ta yi tari sau biyu. Tarin ya kai iyakar da na sa, maigadi ya buɗe masa, ya fito ta lasifika huɗu da ƙarfin da na ƙure, har da amsa-kuwwa. Mutane suka zabura. Ƙofa ta sake rufewa.

Na baya suka fara miƙa wuya. “Ba ma ji fa.” Wani ya juyo, “Injiniya, ba ma ji!” Wayata ta yi haske: “Yaya, ya ɗauke.” Ta sake haske: “Yaya? Ta fara?” Na zargi waya, na zargi batir, na zargi janareta. Maɓalli ɗaya ne tak zai kashe fulogin ɗin, yana nan a gaban idona, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba, don mutum ba ya zargin abin da yake taƙama da shi. Da na rasa wanda zan ɗora wa laifi, sai na ɗora wa Mama. Na ce lallai ba ta ɗaga murya ne.

Akwai wani ɗan makirufo a jikin miksa da nake magana da Dattijo ta cikinsa, yana ji a abin kunnensa shi kaɗai. Wata takwas haka muke yi a coci, ba wanda ya taɓa jin mu. Abin da ban sani ba, sabuwar manhaja ta mayar da hanyarsa yadda kamfani ya tsara, wato zuwa ko'ina. Tun safe ban taɓa shi ba, don haka ban gane ba. Na danna, na buɗe muryar aji, na ce:

“Dattijo, ka ce wa tsohuwar nan ta buɗe baki mana! Tana ɓata mini aiki!”

Hedifon yana kunnena, amma sai da na ji maganar ta dawo mini daga bangon gidanmu. Amsa-kuwwar da na sa don zaƙin waƙa ta ɗauki ƙarshenta ta maimaita wa jama'a har sau uku, ko da akwai wanda bai ji da kyau ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ɗaruruwan kawuna suka juyo lokaci ɗaya, rumfa bayan rumfa. Rabaran ya tsaya da Littafi a hannu, baki a buɗe. Wata baƙuwa kusa da ni ta ce, “Wane marar tarbiyya ne wannan?” Ta kusa da ita ta ce, “Ɗanta ne.” Ga ni tsaye cikin ankon iyali, yatsana har yanzu a kan maɓalli. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Mama ba ta juyo ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ta dakatar da waƙar, ta sa bayan hannu ta kawar da makirufo a hankali. Dattijo ya matso ya kashe shi da hannunsa, ya ɗauke sandar gaba ɗaya. Ta ƙara taki biyu, ta dafa akwatin ta wajen kai, ta ci gaba da waƙarta daga inda ta tsaya.

A lokacin ne hankalina ya dawo. Na kashe fulogin, gurnanin janareta ya cika fili, amma babu sauran makirufo a gabanta. Garin gyaran gira na rasa ido.

Sauran na gani ne kawai, ban ji ba. Na ga sahun gaba sun sunkuyo gaba ɗaya. Na ga Yaya Ishaku, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba tun muna yara, ya rufe fuska da hannu biyu, bayansa yana girgiza. Na ga Gwaggo Talatu, ƙanwar Baba, ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. Matan zumunta da ke kusa suna share ido da bakin zani. Waɗanda suka zauna inda ya kamata su zauna duk sun ji. Ni da na yi alkawarin numfashi, ina can nesa da hedifon a wuya.

Kuma kada ku yi zaton na samu damar guduwa. Akwai sauran addu'a, da sanarwa, da waƙar rufewa, kuma ba mai iya sarrafa miksar sai ni, don ni na tabbatar da haka. Na tsaya a wurin awa guda cur ina tura maɓallai, kowa ya wuce ya dube ni ya kau da kai. Ni ne na ƙarshe cikin 'ya'ya da ya isa bakin kabari. Na zuba ƙasata ba wanda ya dafa ni. Mutumin da ya karɓi lambata har yau bai kira ba.

Washegari na zauna na buɗe abin da aka ɗauka, da ɗan sa rai. A da na saita miksar tana ajiye ɗanyen sautin kowane makirufo daban, kafin a taɓa shi. Da wannan saitin yana nan, da rabin waƙar ya tsira. Shi ma ya tafi da sabuntawa. Abin da ya rage na lokacin waƙar shi ne abin da ya fita ta lasifika: minti huɗu da 'yan daƙiƙu na shiru, tari biyu, da muryata. Na saurara har ƙarshe na kifa kai a tebur, sai a lokacin na yi kukan Baba.

Na fara zuwa wurin Dattijo Yohanna. Na durƙusa a shagonsa a cikin matattun rediyoyi. Ya ɗaga ni ya ce, “Tashi, Malam. Na'ura bai yi laifi ba, abin da ka gaya masa ya yi. Ni ba ni da komai da kai. Ka je wurin Mama.”

Sai a rana ta uku na iya. Na jira masu gaisuwa suka ragu da hantsi, na same ta zaune a tabarma a bayan ɗaki, ƙafafu a miƙe. Na durƙusa. Da yarenmu muka yi magana.

“Mama, na yi miki laifi.”

“Wanne?”

“Maganar da na yi a gaban mutane.”

“Tsohuwa? To yarinya ce ni? Babanka ma haka yake kirana.” Har ta ɗan murmusa. Sai ta dubi hannunta na hagu, wanda ciwon ya taɓa. Ta ce, “Wannan bai shiga zuciyata ba. Da Rabaran ya kira ni, ƙafata ta ƙi. Na miƙa hannu in dafa ka in tashi, sai na dafa takarda.”

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Amma ku ji ƙarfin hali irin nawa: ban bar wurin ba sai da na zaro waya. Na ce, “Mama, Saratu ba ta ji ba. Ko kaɗan ne ki sake yi, a nan, ba na'ura, ba kowa, ni da ke.”

Ta dubi wayar ta dube ni. Ta ce, “Ana binne mutum sau biyu ne? Waƙar tasa ce, na ba shi abinsa.” Ta ce in miƙo mata ruwa, maganar ta ƙare a nan.

Na bi waɗanda suka ji ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Yaya Ishaku ya ce akwai maganar jirgi, da wata tukunya da take ɗorawa duk sanda ta ji kukansa ko da ba na Baba ba ne. Na ce ya faɗi kalmomin daidai. Ya ce, “Kuka nake yi, ba rubutu ba.” Gwaggo Talatu ta ce ba tukunya ba ce, fitila ce, kuma in fita mata daga gida. Wata cikin matan zumunta ta gwada rera mini amon, ta kai tsakiya ta zarce cikin wata waƙar coci ba ta sani ba. Na haɗa abin da na samu bai cika layi uku ba, kuma ba biyun da suka yarda da juna.

Saratu ta yi wata guda ba ta ɗaga wayata. Ba na ganin laifinta. Tana kwance da ɗinki a ciki da jaririya a ƙirji, ta jira muryar uwarta, sai ta ji tawa. Na ce zan bari zuciyar Mama ta huce, wataƙila zuwa Kirsimeti in Saratu ta zo da kanta ta roƙa, ba za ta hana auta ba. Da wannan nake lallashin kaina.

Ana tsakiyar tonon citta ciwon ya sake dawo wa Mama. Wannan karon ya ɗauke harshen gaba ɗaya. Tana gani, tana ganewa, tana cin abinci in an ba ta, amma ko sunanmu ba ta iya kira. Saratu ta zo da Kirsimeti, ta ɗora mata jikarta a cinya, Mama ta yi ta shafa kan yarinyar, leɓenta yana motsi ba abin da ke fita.

Ana gobe za ta koma Saratu ta same ni a tsakar gida. Ta ce, “Yaya, ka tura mini abin da ka ɗauka.”

Na ce, “Ba komai a ciki, Saratu.”

“Akwai tarinta.”

Sai a lokacin na lura. Duk tsawon lokacin da na yi ina ɗaukar wa'azin baƙi da bukukuwan mutane, ban taɓa ɗaukar muryar uwata ba. Tarin nan biyu su ne duk abin da muke da shi. Na ce to, bari in yanke maganata in tura mata mai tsabta, aikin minti ɗaya ne.

Ta ce, “A'a. Ka daina share abubuwa. Ka turo yadda yake.”

Na tura yadda yake.

In darasi kuke so, akwai wanda zan iya rubuta muku a allo: kada ku sabunta manhaja ranar aiki, ku adana saitinku, ku gwada na'ura da muryar da ta fi kowacce rauni a wurin, ba taku ba. Wannan na san shi tun kafin ranar, bai hana ni komai ba. Ɗayan kuwa ba ya rubutuwa. Duk Asabar ina hawa bas daga Kafanchan in je in zauna a gefen Mama tun hantsi har la'asar, waya a kashe, ba na taɓa komai, ba na gyara komai. Yanzu kam na iya zama, na iya kasa kunne, ba wanda ya fi ni a gidanmu. Sai dai irin sa'ata ke nan, Allah ya ba ni kunne bayan an gama waƙa.